Masu saida shirun kufai



Kwanan baya wani saurayi ya nuna mani hoto cikin salularshi. Talla ce ta wani otel a ƙasar Turai. Ga gida na katako a bakin ruwa. Ga duwatsu sun miƙe tsaye dama da hagu, kawunansu fari fat da ƙanƙara. Ga wata mata kwance cikin ruwan ɗumi, tana kallon dutse ta wata taga mai faɗin bango. Tallar tana kiran masu kuɗi su zo su huta cikin shirun ƙauye, wai wurin da hannun ɗan Adam bai taɓa ba.

Saurayin ya ce mani: "Malam, ka ga inda ƙauye ya yi sa'a. Su kam sun huta da noma. Baƙi ke kawo masu kuɗi har gida."

Ban yarda ba, kuma har yau ban yarda ba. Tallar ga ta ɓoye gaskiya, shi kuma saurayin ya hau maganarta ya zauna. To, bari mu bi abin daki-daki.

Ƙasar sunanta Norwe, masu jin faransanci suna ce mata Norbej. Tana can ƙurewar arewacin Turai. Mutanenta wajen miliyon 5 da rabi ne. Gefenta na yamma duk duwatsu ne da teku. A zamanin da can, ƙanƙara mai kaurin gaske ta rufe ƙasar. Ƙanƙarar tana ja sannu-sannu zuwa teku, tana ƙwaƙule dutse kamar yadda ruwan damina ke cin bakin ƙorama. Da ta narke sai ta bar kwaruruka masu zurfi, ruwan teku ya shigo ya cika su. Irin wanga kwari shi ake ce ma fiyor. Ku ɗauka kogi ne mai ruwan gishiri, an matse shi tsakanin bango biyu na dutse. Wanda ya fi tsawo a ƙasar, na Sogne, kilomita 205 ne, ya kusa tsawon hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Zurfinshi a wani wuri ya kai metir 1,300.

Amma wanda aka fi ɗaukar hotonshi shi ne fiyor na Geiranger. Sunan da nauyi a baki, sai ku yi haƙuri. Tsawonshi kilomita 15 ne kawai. A ƙarshenshi akwai ƙauye, shi ma Geiranger, mutanenshi ba su kai 300 ba. A 2005 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin abubuwan gadon duniya da ya kamata a kiyaye.

Ba na musun kyan wurin. Ruwa yana zubowa daga ƙolin dutse kamar farin zare. Cikin watan Yuni dare ba ya yin duhu sosai, mutum yana iya karatu a waje da ƙarfe 11 na dare ba fitila. Ba na kuma jin haushin wanda ya yi aiki ya gaji, ya biya kuɗinshi ya huta. Akwai otel a yankin fiyor da kwana ɗaya a ɗakinshi ya wuce jika 200 na kuɗinmu. Wanda ya biya, aljihunshi ne. Abin da ke ci mani rai shi ne maganar nan, wai hannun ɗan Adam bai taɓa wurin ba.

Ka shiga jirgin ruwa daga Geiranger, ka ɗaga kai. Can sama, metir 250 bisa ruwa, akwai wani ɗan fili da ya fito daga jikin dutse, kamar kantar da mata ke jera kwanoni. Bisa kantar nan za ka hangi ɗakuna na katako, rufinsu da ciyawa. Gona ce, sunanta Skagefla. Mutane sun zauna can shekaru ɗaruruwa da bisashensu, galibi awaki. Lokacin ɗumi gajere ne. Cikinshi za a yanki ciyawa a gangaren da akuya ma sai ta yi hankali, a shanya, a tara, har da ganyen itace, don bisashe su ci tsawon hunturu. Duk abin da gida ke bukata daga waje, da gishiri da ƙarfe, a baya ake hawa da shi. In haihuwa ta zo da gardama, sai an sauka dutsen nan, an tuƙa kwale-kwale, kafin a samo ungozoma. Mutanen yankin suna ba da labarin cewa da igiya ake ɗaure ƙananan yara in suna wasa, don kada su faɗa ƙasa. Duk uwar da ke karanta wagga jarida ta tsaya nan ta yi tunani. Ɗanki yana rarrafe, igiya a ƙugunshi, kina tatsar akuya kina waiwaye.

Suna kuma ba da wani labari, wai akwai inda hanya ba ta hawuwa sai da tsani, in an hangi mai karɓar lampo tafe sai a janye tsanin. Wannan kam na ji daɗinshi. Talaka ko'ina yake, wayonshi ɗaya ne.

Daura da Skagefla, ƙetaren ruwa, akwai wata gonar, Knivsfla. Tana dab da ruwan da ke zubowa gida bakwai, wanda ake kira Ƴan'uwa Mata Bakwai, abin da kowane baƙo ke ɗaukar hotonshi. A 1898 mutanen gonar suka tashi, don tsoron dutsen da ke rataye bisa kansu. Na Skagefla su ma kafin 1920 sun watse.

Me ya kai mutane zama bisa kantar dutse? Ba son kallon ruwa ba ne. Rashin ƙasa ne. A Norwe, cikin kashi 100 na ƙasar, wajen kashi 3 kaɗai ake nomawa. Bisa al'adarsu, babban ɗa ke gadon gona dungurungum, ba a raba ta. Ƙannenshi fa? Ko su zama barorin wani, ko su hau dutse su nemi ɗan fili, ko su bar ƙasar. Daga 1825 zuwa wajen 1930, mutum wajen 800,000 suka bar Norwe suka tafi Amurka. In aka duba yawan jama'a, duk Turai ƙasar Ailan kaɗai ta fi su zubar da ɗiyanta. Wannan ba ci-rani ba ne, da ake komowa in hadari ya haɗu. Mafi yawansu ba su sake ganin iyayensu ba.

Kun san abin da ake kira kufai. Gari ya tashi, sai turakun ɗaki da tsohuwar rijiya. Ba kukan jariri, ba ƙarar turmi. Wanda ya ratsa kufai ya ce "kai, wurin ga da daɗin shiru", ai bai san abin da yake faɗi ba. To, shirun da otel-otel ɗin nan ke saidawa, shirun kufai ne. Talauci ne ya share wurin, sannan masu talla suka zo suka ce Allah ya bar shi haka tun farkon duniya.

Abin mamaki, tafiyar manoma da zuwan baƙi lokaci guda suka faru. A 1869 jirgin ƴan yawon buɗe ido na farko ya shigo Geiranger. A 1891 aka gina Otel Union a ƙauyen. Sarkin Jamus, Wilhelm na 2, kusan kowace shekara daga 1889 yana zuwa hutu cikin fiyor da jirginshi na sarauta. Can yake cikin Yuli na 1914, lokacin da yaƙin duniya na farko ke shirin ɓarkewa. Jirgi guda yana fita da ɗiyan talakawa zuwa Amurka, wani yana shigowa da sarakuna su sha iska. Manoman da suka saura suka ɗaura ma dawakinsu keke, suka shiga ɗaukar baƙi zuwa saman dutse. Har a 1993, da sarkin Norwe Harald da matarshi Sonja suka cika shekara 25 da aure, Skagefla suka kai manyan baƙinsu. Inda aka ɗaure yara da igiya, nan sarakunan Turai suka yi shagali.

Yanzu mu koma ga maganar saurayina, wai ƙauye ya huta. Mu yi lissafi, tun da lissafi ba ya ƙarya. Otel ya fi shekara 130 a Geiranger. Baƙi dubu ɗari-ɗari ke zuwa kowace shekara. Da baƙi ke raya gari, da yanzu Geiranger ta zama birni. Amma mutanenta har yau ba su kai 300 ba. Me ya sa? Saboda aikin baƙi na ƴan watanni ne, daga Mayu zuwa Satumba. Mai iyali ba ya kafa gida bisa aikin wata biyar. Shi ya sa masu gyaran gado da masu wanke kwanoni, da yawansu ƴan ci-rani ne daga wasu ƙasashen Turai, irin su Polan da Lituwaniya. Suna zuwa da ɗumi, sanyi na kamawa su ɗaure kaya. Ɗiyansu ba su shiga lakkwal ɗin ƙauyen ba. Ba laifinsu ba ne, neman na kai suka zo, kamar kowa.

Kada a ce na yi son kai. Akwai otel a yankin da iyali ɗaya na wurin ke riƙe da shi tun kakanni. Akwai manomin da ke saida ma otel cuku da nama. Tun 2018 kuma doka ta yanke mafi ƙarancin albashin da za a ba ma'aikacin otel, ko ɗan ƙasa ko baƙo. Wasu sun ci amfani, ba shakka. Amma wasu su ci amfani daban, gari ya rayu daban.

Ga kuma manyan jiragen ruwa na shaƙatawa. Fiye da 100 ke shiga Geiranger kowace shekara. Akwai wanda ke ɗauke da mutum 3,000 ko 4,000, wato ya ninka mutanen ƙauyen fiye da sau 10. Cikin jirgi suke kwana, cikin jirgi suke cin cimakarsu. Su sauko ƴan awoyi, su cika hanya da manyan motoci, su ɗauki hoto, su koma. Jirgin yana tsaye injinshi na ci. Wuri ne mai bango biyu, in iska ta kwanta hayaƙi ba ya da mafita, sai ya tsaya bisa ruwa kamar hazo. A 2018 majalisar dokokin ƙasar ta ce daga 2026 jirgin da ke fidda hayaƙi ba zai ƙara shiga fiyor ɗin da UNESCO ta kiyaye ba. Madalla. Sai ga shi a 2024 magabata sun ce dokar za ta fara da ƙananan jirage, manyan an ɗaga masu sai 2032. Wato wanda ya fi kowa hayaƙi shi aka ƙara ma shekara 6. Wannan irin hukunci kam ba sai an fassara ma talaka shi ba.

Na san abin da mai otel na alfarma zai ce. Zai ce: mu ba ruwanmu da jiragen nan, baƙinmu kaɗan ne, masu hankali ne, suna kwana suna kashe kuɗi a gari. Akwai gaskiya ciki. Amma haja ɗaya suke saidawa, kasuwa ce ta bambanta. Na jirgi ya sayi kallo da araha cikin taro. Na otel ya biya da tsada don kada ya ga taron. Ku duba hotunan tallarsu da kyau. Za ku ga dutse, za ku ga ruwa, za ku ga kwalba da kofi biyu. Ba za ku ga mai kwasar kashin awaki ba. Ƙauye suke so, amma ba su son ganin ƴan ƙauye, sai in an sa masu tufafin gargajiya suna murmushi a bakin ƙofa.

Alhali kuwa mai kashin awakin nan shi ne ya yi kallon da ake saidawa. Makiyaya za su gane wannan da sauri. Filayen nan kore shar da ke jikin dutse, bakin akuya da lauje ne suka buɗe su. A ƙasar da ruwan sama ya yi yawa, in aka bar kiwo sai kurmi ya rufe wuri. Abin da ke faruwa kenan a Norwe. A 1949 gonaki sun fi 200,000 a ƙasar. Yau ba su kai 40,000 ba. Inda bisashe suka ragu, itace ya taso ya rufe tsofaffin filaye, har ya tare ma baƙi kallon ruwa daga bakin hanya. Kusa da Geiranger akwai wani mashekari da ake kira Herdal, inda ake hawa da awaki ɗaruruwa kowace shekara lokacin ɗumi, fiye da shekara 300 kenan. Masu tashi da asuba su yi tatsa can, su ke riƙe da kyan wurin. Ɗakunan Skagefla ma da tuni sun rushe, ba don wata ƙungiyar sa kai ta mutanen yankin ba, wadda aka kafa a 1975, ta bi tana gyara su. Mai otel ya sa gilashi gaban aikin mutanen nan, ya yanka mashi kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, me ke riƙe da manomin da ya saura? Ba kyautar baƙo ba ce. Manoman Norwe suna da manyan ƙungiyoyi biyu. Kowace shekara wakilansu suna zama da gwamnati, a yi ciniki bisa farashin amfanin gona da taimakon da za a ba su. Wanda ke noma a wuri mai wuya ana ƙara mashi. Madararsu kuwa, babban kampanin da ke karɓarta, Tine, na manoman ne da kansu, haɗin guiwa suka yi. Motar madara tana bin lungu-lungu. Hanyar da ta fidda Geiranger daga kulle lokacin hunturu, mai lanƙwasa 11 a jikin dutse, a 1955 aka buɗe ta, da kuɗin jama'a. Arzikin ƙasar kuma daga kifi yake, da wutar lantarki ta ruwa, da man fetur da aka gano cikin teku a 1969. Wanda ya ce otel ne ya fidda ƙauyukan Norwe daga talauci, ya ga hula ya ce ita ce kai.

Su kansu magabatan ƙasar sun gane baƙo yana da nauyi. Shara tana son mai kwasa, makewayi yana son mai gini, hanyar dutse tana zaizayewa da sawu. Mutanen gari ke biya da lamponsu. Sai a 2025 majalisa ta yarda garuruwan da baƙi suka yi ma yawa su riƙa karɓar kashi 3 cikin 100 bisa kuɗin kwana. Daga jirgin farko na 1869 zuwa 2025, shekara 156 kenan.

Akwai wani abu da tallar ba za ta taɓa faɗa maku ba, don zai ɓata mata ciniki. Kallon nan kyauta ne. A Norwe akwai al'ada tsohuwa, wadda aka mai da doka a 1957. Kowa, ɗan ƙasa ko baƙo, yana da ikon ya ratsa daji da dutse da bakin ruwa, ko da mallakar wani ne, muddin ba gonar da aka shuka ba ce ko farfajiyar gida. Yana iya kafa tanti ya kwana biyu, in ya ba gidan mutane tazarar metir 150. Akwai kuma ƙungiyar masu tafiyar ƙasa, tun 1868, mai ɗakuna fiye da 500 cikin duwatsu. A wasunsu ba mai gadi. Ka shiga, ka ɗauki cimaka a kanta, ka rubuta abin da ka ci, ka biya bisa amana. Leburan ƙasar da ɗiyanshi haka suke hutunsu, da jaka a baya. Dutsen da suke gani shi ne wanda mai jika 200 ke gani. In akwai abin yabo a Norwe, ni wannan doka nake yabo. Ita kuwa ba ta da mai yi mata talla a salula.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Duwatsun nan kyan ɗan maciji gare su. Ranar 7 ga Afrilu 1934, cikin dare, wani ɓangaren dutse ya ɓalle ya faɗa cikin fiyor na Tafjord, maƙwabcin Geiranger. Ruwa ya tashi, a wani wuri ya fi metir 60, ya share gidaje. Mutum 40 suka mutu. A tabkin Loen, kudu kaɗan, abin ya faru sau biyu, a 1905 da 1936, ya ci mutum fiye da 130. Yanzu haka akwai wani dutse, Akerneset, a hanyar shiga Geiranger. Jikinshi ya tsage, tsagar tana ƙara buɗewa kowace shekara. Masana sun ce ranar da ya faɗa, igiyar ruwa za ta iso ƙauyen cikin minti 10 ko kusa da haka. An kafa na'urori suna auna motsinshi dare da rana, don a kwashe mutane tun da sauran kwanaki. An kafa jiniya cikin garuruwa. A 2015 har sinima aka yi bisa labarin, mutane suka biya kuɗi suka kalla.

Baƙo raɓa ne. Ya kwana uku ƙarƙashin dutsen nan, ya ce bai taɓa barci mai daɗi irin wannan ba, ya hau jirgin sama. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo.

Cikin Oktoba jirage sun ɗauke ƙafa. Masu saida tsaraba sun rufe shaguna. Ƴan ci-rani sun koma Polan. Ƙanƙara tana sauka, a rufe hanyar da ta bi ta ƙolin dutse sai wata shekara, a bar guda ɗaya mai lanƙwasa 11. Rana tana gajarta har ta koma ƴan awoyi. Mutanen nan da ba su kai 300 ba su ke saura, da yaransu, da tsofaffinsu, da awakinsu cikin garke, kunnensu na wajen jiniya. Na tambayi saurayina ko ya taɓa ganin hoton Geiranger na watan Janairu cikin tallar. Ya duba salularshi, ya duba, bai samu ba.